Yaya da Motarsa Mai Doro

Yayana ya yi shekara talatin da wani abu yana aiki a maɗaba'a, shi ne mai kula da babban injin buga takardu. Tun tasowata na san shi da baƙin tawada a ƙarƙashin farce, irin wanda ba sabulun da ke fitar da shi. Dogo ne, marar yawan magana, yana tafiya a ɗan sunkuye saboda daɗewa da leƙen cikin inji. Abokan aikinsa kan ce in inji ya fara ciwo, Yaya zai ji a kunne kafin takarda ta nuna. Ni tela ne, shagona yana bakin titi, tsakanina da gidansa tafiyar ƙafa ce. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, wani ma da hannuna a ciki.

Da lokacin ritaya ya yi, aka yi masa 'yar walima a wurin aiki, aka ba shi agogon bango, ya dawo gida ya zauna. Zaman ne bai karɓe shi ba. 'Ya'yansu duk sun girma sun kama gabansu, gidan ya rage daga shi sai matarsa, wadda dangi duka muke kira Uwargida. Ya kwance fankar falo, wadda lafiyarta ƙalau, ya wanke ya mayar. Ya kwance injin markaɗe. Ya kwance makullin ƙofar gida. Wata rana ya zo shagona ya tsaya a kaina, ya ce yana jin wata ƙara a kekena na ɗinki. Na ce, "Yaya, da ƙarar nan na saye shi, don Allah ka bar mini ita."

Uwargida gajeriya ce mai kazar-kazar, bakinta kuma ba ya ajiye magana. Ta same ni a shago ta ce, "Tela, ka nema wa ɗan'uwanka abin yi. In ba haka ba wata rana zan farka in tarar ya kwance ni ya jera a tabarma."

Akwai wani ɗan fili da Yaya ya mallaka tun yana aiki, a bayan gari, a kan tudu. Nan suka yanke shawarar yin lambu, su shuka tumatir da albasa da karas. Ƙasar wurin tana da kyau, sai dai babu ruwa, dole a hau da shi a jarkoki. Motar da za ta yi wannan aiki kuwa tsohuwa ce mai dogon baya, fara ce a da, amma ta koma kalar madara. Injinta ɗan ƙarami ne mai fulogi huɗu. A cikin gari ba ta da laifi. In aka cika ta da jarkoki da buhun taki aka nufi tudun nan, tana kaiwa tsakiya sai ta fara tari, ta yi sheshsheƙa, ta tsaya. Sai Uwargida ta fita da sauri ta sa dutse a bayan taya, su sauke rabin kaya a gefen hanya, a hau da rabi, a dawo a ɗauki saura.

A irin wannan tsayuwa ce, rana tana dukanta, ta leƙo ta taga ta ce masa, "Malam, kai da ka ƙare ƙuruciyarka kana lallashin inji mai girman ɗaki, wannan ɗan mitsitsin ne ya gagare ka? In zuciyarta ce ta yi ƙanƙanta, ka sa mata babba mana."

Ya fito ya hau sauke jarkoki. Amma da la'asar ya aiko a karɓar masa tef ɗina na awo, da na je kuma na same shi ya buɗe bonet, rabin jikinsa a ciki. Uwargida ta kashe mini ido ta ce, "Fankata ta tsira."

Ya fara da tambayar makanikin unguwa. Makaniki ya zagaya motar, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Baba, zai yiwu. Amma in ka ƙara mata ƙarfi, sai ka ƙara mata birki, ka kuma canza sifirin da ke ɗauke da gabanta, don nauyi zai ƙaru." Daga duk maganar nan, "zai yiwu" kaɗai ya shiga kunnen Yaya. Makaniki ya ce a kawo masa ita gareji. Yaya ya yi godiya, ya ce a'a, a gida zai yi da kansa, ai ba sauri yake ba.

Mutum na biyu da ya nema shi ne abokinsa na ƙuruciya, mai walda, wanda kowa ke kira Tartsatsi. Duk rigar da ya mallaka tana da ƙananan hujojin wuta, ni ne shaida don ni ke faci. Muryarsa kamar ana faɗa ko da gaisuwa yake. Yadda Yaya ke auna abu sau uku kafin ya taɓa, shi Tartsatsi sai ya yanke sannan ya tambayi tsawon. Allah kaɗai ya san yadda abotarsu ta kai wannan shekaru.

Su biyun suka dinga zarya a kasuwar tsofaffin kayan mota. Yaya yakan tafi da doguwar sukudireba. In aka tayar masa da inji, sai ya ɗora bakinta a jikin injin, ya kanga kunne a mariƙin, ya rufe ido. Masu kaya har sun fara yi masa laƙabi da Likita. Wannan ya ce yana da ƙara a ciki, wancan ya ce numfashinsa bai yi ba. Daga ƙarshe suka sami wata babbar mota da aka daka ta baya, gabanta kuwa ko ƙwarzane babu, kuma kamfaninsu ɗaya da tasa. Injinta mai fulogi shida ne. Yaya ya saurara, ya daɗe bai buɗe ido ba, sannan ya ce, "Wannan." Aka cire masa shi haɗe da giyabos ɗinsa, aka kawo gida a bayan akori-kura, maza shida suka sauke shi a kan tsofaffin tayoyi a tsakar gida, daidai inda Uwargida ke shanya.

Ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallonsa. "Wannan ne zai shiga cikin waccan?"

"In sha Allah."

"To, Allah ya sa. Ni dai igiyar shanyata za a nema wa wuri."

Tartsatsi ya haɗa manyan bututu uku na ƙarfe suka tsaya kamar duwatsun murhu, aka rataya kacar ɗaga inji da makaniki ya ara musu. Kafin a cire tsohon injin, Yaya ya zo shagona ya kwashe ƙyallayen da ke ƙarƙashin tebur. Duk wayar da ya cire, sai ya ɗaura mata ƙyalle, ya ɗaura irinsa a inda ta fito. Ja da ja, shuɗi da shuɗi, mai fure da mai fure. Da aka gama, cikin motar ya koma kamar kan yarinyar da aka yi wa kwalliya. Notuna kuwa a kwalin ƙwai ya jera su, kowanne da gurbinsa, ya hana kowa taɓawa. Tsohon injin ya fita ba gardama. Yaya ya goge shi tas, ya lulluɓe shi da buhu ya ajiye a lungu, ya ce ba a wulaƙanta wanda ya yi maka hidima.

Ranar da za a saka sabon aka kira ni, wai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni da Tartsatsi muna jan kaca, Yaya yana daidaitawa. Injin ya sauka a hankali, ya sauka, sannan ya tsaya cak. Fankarsa ta tokare lagireto, tankin ruwan da ke sanyaya inji. Ƙafafunsa ba su sami mazauninsu ba, sun wuce shi da kusan taƙi guda. Muka ɗaga, muka karkata, muka sake saukewa. Haka muka wuni, ba abin da ya canza sai zufa.

Tartsatsi ya ce, "A ba ni guduma."

Yaya ya ce, "Ba za a ba ka ba."

Abin da ya biyo baya aiki ne na watanni, a hankali a hankali. Aka matsar da lagireto gaba, aka cire fankar injin aka sa mai aiki da batir. Sabon mazaunin inji kuwa ni na fitar da fasalinsa a kwali, kamar yadda nake yanka wuyan riga, Tartsatsi ya bi kwalin ya yanka ƙarfe. Na farko bai zauna ba, na biyu ya karkace, na uku ya yi. Furofela, wato sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya, ta yi tsawo, aka kai wa masu injin gyaran ƙarfe suka rage ta. Yaya kan fito da safe bayan ya karya, ya sa tsohuwar rigar aikinsa ta maɗaba'a, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin mota. Uwargida ta kawo kujera ta zauna kusa tana gyaran kayan miya, tana miƙa masa sifana. Ba a daɗe ba ta san lambobinsu. In ya ce sha uku, kafin ya rufe baki tana hannunsa. Ta ce mini tun aurensu ba su taɓa yin hira mai tsawo irin ta wannan lokaci ba, duk da cewa ƙafafunsa kawai take gani.

Damina ta shigo ta tsayar da aikin. Aka rufe motar da tamfol. Da ruwa ya ɗan tsagaita aka yaye, sai aka tarar kyanwar maƙwabta ta haihu a kujerar baya. Yaya ya ce ba mai tayar da mai jego, a jira su buɗe ido. Tartsatsi ya yi ta faɗa, wai an mayar da mota asibitin haihuwa, amma shi ne kuma aka kama yana kawo mata kan kifi a takarda.

Babbar rigimar ta zo ne bayan inji ya zauna daram, an haɗa wayoyi, an cire ƙyallaye. Aka sauke bonet, ya ƙi rufuwa. Kan injin ya ɗaga shi sama, bakinsa a buɗe kamar na kada. Tartsatsi ya ce ba wata dabara sai a yanke tsakiyar bonet. Yaya ya ce duk abin da za a yi a yi a ciki, amma fatar motarsa ba mai yanka ta.

"To ka ɗaure shi da igiya, ka yi ta yawo kamar mai ciwon haƙori!"

"Kai komai yanka, komai yanka. Da kai likita ne da ba sauran mai ƙafa a garin nan."

Tartsatsi ya naɗe wayar waldarsa ya fita, ya ce in ya sake taka gidan a canza masa suna. Yaya ya yi ta gwada dabaru shi kaɗai. Ya nemi gajeriyar matatar iska, ya rage nan ya rage can, bonet dai ya ƙi. Ya rage cin abinci. Uwargida ba ta ce masa ya je ya ba da haƙuri ba, ta san halin kayanta. Sai ta dafa abinci ta zuba a kwano ta kai wa Tartsatsi shagonsa da kanta, ta ce masa, "Abokinka ya rame. Ni ban ce ka zo ba."

Washegari da hantsi sai ga Tartsatsi yana turo wani tsohon baro mai mataccen wili. Ya kwance kaskon baron, ya kife shi a kan bonet, ya ja da baya. Faɗinsa da tudunsa kamar don wurin aka yi shi. Yaya ya zagaya ta dama, ya zagaya ta hagu, ya ɗauko tef ya auna. Sannan ya ɗauki alli ya zana layin da kansa, ya miƙa wa Tartsatsi, ya shige ɗaki don kada ya ga ana yankawa. Da aka like, aka goge, aka shafa fenti, sai motar ta fito da ɗan tudu a gaba. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Ikon Allah, mota ta yi doro!" Sunan da ya bi ta ke nan har yau, Mai Doro.

Ranar tayarwa ban buɗe shago ba. Aka zuba baƙin mai, aka cika lagireto, aka ɗaura batir. Yaya ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Inji ya juya, ya juya, sannan ya yi wata irin ƙara kamar an harba bindiga, har Uwargida ta saki kofin da ke hannunta. Yaya ya fito ya tsura wa injin ido, ya bi wayoyin fulogi da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ga biyu sun yi musayar wuri. Ya gyara, ya koma ya murɗa. Sai ta kama. Ba a riga an ɗaura salansa ba, don haka rurin da ta yi ya cika unguwa. Tagogi suka ɗauki rawa, kajin maƙwabta suka watse, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida ya bi zannuwan gadon da ke kan igiya. Tartsatsi yana tsalle yana ihu ba mai jin abin da yake cewa. Yaya kuwa ya fito ya ɗora tafin hannunsa a gefen mota, ya sunkuyar da kai yana saurare. Ban taɓa ganin haƙoransa a waje haka ba tun muna yara. Uwargida ta dubi zannuwanta da suka yi baƙi, ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi mijinta, ta fasa.

Bayan an ɗaura salansa muka fita gwaji, ni a gaba, Tartsatsi a baya. Yaya ya ɗan taɓa totur kamar yadda ya saba, motar ta zabura har kaina ya bugi kujera. Muka miƙe layin muna dariya. A ƙarshen layin akwai kwana, ya taka birki, motar ta rage gudu amma ba ta tsaya ba. Ya sake takawa da ƙarfi, tana dai tafiya. Allah ya taimake mu wani mai gini ya zube yashi a gefen hanya, Yaya ya karkata sitiyari ya cusa hancinta a ciki. Tartsatsi ne ya fara magana daga ƙasan kujera, ya ce, "Tafiya dai ta iya. Saura a koya mata tsayuwa."

Ba wanda ya ji ciwo, motar ma fitila ɗaya kawai ta fashe. Makaniki ya zo ya taya mu jawo ta, ya ce, "Baba, ai na faɗa maka."

Yaya ya ce, "Ka faɗa. Ni ne ban ji ba. Gobe ka zo ka nuna mini."

Tare suka sa manyan birki da sifirin masu ƙarfi. Sannan Yaya ya kai ta ofishin masu duba lafiyar motoci don a sauya lambar inji a takardunta. Jami'in ya ga doron ya ce, "Baba, ciki gare ta?" Ya buɗe, ya duba, ya gwada birki har sau biyu, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga yadda aka jera wayoyi. Aka buga masa hatimi.

Hawan tudun kuwa ba wani labari mai tsawo a cikinsa. An cika ta da jarkoki da taki, Uwargida a gaba, ni a baya a matse. Ta haye kamar a kan shimfiɗa, ko giya bai canza ba. Muna isa Uwargida ta ce, "Har mun zo?" A shekarar suka yi tumatir har suka rasa inda za su kai shi. Abin da ya ba Tartsatsi haushi shi ne, duk da wannan ƙarfi, Yaya bai ƙara gudu ko kaɗan ba. Masu keke ma wuce shi suke. In an yi magana ya ce shi ba don gudu ya sa ba, ya dai san yana nan in ana bukata.

Shekara biyu yana jan ta, sai idonsa ya fara hazo. Likitan asibiti ya ce yanar ido ce, aka yi masa aiki, ɗaya ya washe, ɗayan bai koma daidai ba. Aka ba shi shawara ya haƙura da tuƙi. Na zaci abin zai karya masa zuciya, amma ya ce Alhamdu lillahi, idon ya yi masa aiki iya gwargwado. Damuwarsa ɗaya ce, wa zai kai ruwa lambu. Ni babur kaɗai na iya. Tartsatsi ya ce zai riƙa kai su, Yaya ya ce gara lambun ya bushe.

Uwargida ta ce, "Ni fa?"

Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce wadda ta san sifana sha uku da sha bakwai, ta san inda furofela take, sitiyari ne zai gagare ta? Ta shiga makarantar koyon tuƙi, tana zama aji ɗaya da sa'o'in jikokinta. Da yamma kuma Yaya ya sa makaniki ya kai musu Mai Doro filin ƙwallo, ya zauna a gefenta tana zagayawa. Matsalar farko ita ce tsawo. In ta zauna, doron nan yakan tare mata hanya, ba ta ganin komai sai sama. Na ɗinka mata matashi mai kauri, na cusa masa soso biyu, na yi masa igiyar ɗaurewa a kujera. Ta faɗi jarrabawar farko saboda ja da baya. Ta ci ta biyu, ta zo har shago ta nuna mini lasin, ta ce in duba hoton da kyau in gaya mata ko ta yi kama da direba.

Yanzu ita ke jan su kullum da safe. Yaya yakan riga ta fitowa ya duba mai da ruwa, ya goge gilashi, ya zauna a kujerar gefe ya ɗaura bel. Idonsa a lumshe yake yawancin tafiyar, yana sauraren inji. In ya ce, "Sa ta uku," sai ta ce, "Na ji, Malam, ni ma ina da kunne." Ƙafarta ta fi tasa nauyi nesa ba kusa ba, masu keke sun daina wuce Mai Doro.

Shekaranjiya ina cikin yankan yadi na ji hon a ƙofar shago. Na leƙa, ga su nan, bayan mota cike da kwanduna, Yaya riƙe da damin karas a cinya.

Uwargida ta ce, "Tela, fito ka ɗauki rabonka, ba na son kashe inji."

Na ɗauki kwando ɗaya. Yaya ya ce in ƙara da albasa, ta bana ta yi kyau. Ina cikin godiya ta duba madubi, ta kunna sigina, ta hau titi.